WA KE DUBA MAI YI MANA ALLURA A BAHINDI?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni, magana ce da ta shafi jikin kowa.

Ka ɗauka yaronka ya kwana da zazzaɓi, gari na wayewa ka saɓa shi sai kemis, a nan Bahindi ko Zagga ko Illo. Wani ya taɓa wuyan yaron, ya ce maleriya ce da taifot, ya zuƙo magani a sirinji, ya ce a kwantar da shi a benci a sa masa ƙarin ruwa. To ta yaya za ka san wannan bawan Allah yana da izinin yin abin da yake yi? In kuma aka samu akasi, allurar ta taɓa jijiya ƙafar yaro ta shanye, ofishin wa za ka je, kuma a wane gari yake? Mu dai a wurinmu duk wanda ya sa farar riga ya rataya abin awon ƙirji a wuya sunansa Dakta, ko da kuwa shekara biyu kawai ya yi yana yaron shago.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, domin da yawa daga cikinmu muna ɗora wa gwamnatin jiha abin da ba nata ba, muna kuma ƙyale ta a kan abin da yake nata. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa harkar magunguna da guba a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, haka ma sana'o'in ƙwararru da majalisar ta ayyana. Ma'ana, Gwamna Nasir Idris ba shi da ikon ba wa kowa lasisin likita, kuma ba shi da ikon ƙwace shi. Likita da likitan haƙori hukumar MDCN ke yi musu rajista. Nas da ungozoma suna ƙarƙashin NMCN, wadda dokarta ta samo asali tun 1979. Masu harhaɗa magunguna da masu kemis na PCN ne, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Masu gwajin jini da fitsari suna da MLSCN, dokar 2003. Su kuma malaman asibitin da muka fi mu'amala da su a karkara, waɗanda ake kira CHEW, suna da tasu hukumar rajista tun 1992. Ga NAFDAC a gefe tana duba ingancin maganin kansa. Dukkansu na tarayya ne, kuma uwar ofishinsu tana Abuja.

A takarda tsarin ba laifi. Amma ka gwada bin sa daga nan. In likita ya yi maka sakaci, sai ka rubuta ƙorafi, ka je ka yi rantsuwa a kansa a gaban mai ikon rantsarwa, ka aika wa kwamitin bincike na MDCN. In sun ga akwai abin tuhuma su tura wa kotun ladabtarwa ta likitoci. Wane manomi ne a Kende ko masunci a Lolo zai bi wannan doguwar hanya, bayan ya gama sayar da buhun shinkafa ya biya kuɗin magani? Yawanci sai a ce ƙaddara ce, a yi zaman makoki, a watse. Kuma ita kanta kotun ladabtarwar ba kullum take nan ba. Lokacin da gwamnatin Buhari ta rushe shugabannin hukumomi a 2015, MDCN ta zauna babu majalisar gudanarwa har 2018, shari'o'i suka yi ta taruwa babu mai sauraro.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: waɗannan hukumomi 'ya'yansu kawai suke iya hukuntawa. Mai lasisi shi ake ƙwace wa lasisi. Wanda bai taɓa shiga makarantar likita ba, ya buɗe ɗaki biyu da labule yana yanka mutane, babu abin da za a ƙwace masa, sai dai 'yan sanda da kotu. Wato wanda ya fi kowa haɗari shi ne ya fi kowa nisa da hannun hukumar.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar ƙauye ce. A 2015 aka bankaɗo Martins Ugwu, wanda ya yi kusan shekara tara yana aiki a matsayin likita a cikin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun abokinsa. A cikin ma'aikatar fa, a Abuja, yana karɓar albashi ana yi masa ƙarin girma. A 2023 kuma aka yi ta surutu kan wani mai asibitin kuɗi a Jos da ya daɗe yana yi wa mutane aiki, sai da rigima ta tashi ƙungiyar likitoci ta NMA ta fito ta ce shi ba likita ba ne. In irin wannan zai faru a hancin Abuja da tsakiyar Jos, ina ga garin da ke bakin iyaka?

To me ya rage wa jiha? Abu babba ya rage mata: wurin. Ginin da ake kwantar da mutane, ɗakin haihuwa, ɗakin gwaji, da su wa aka ɗauka aiki a ciki. Jiha ce ke ba asibitin kuɗi izinin buɗewa, ita ke iya rufe shi. Ita ce kuma ta fi kowa ɗaukar ma'aikatan lafiya aiki. Su kansu hukumomin Abuja, in za su yi sa ido a jiha, da jami'an ma'aikatar lafiya ta jiha suke dogara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta ce kada wani wurin kiwon lafiya ya yi aiki ba tare da takardar shaidar cika ƙa'ida ba, ta tanadi tara ko ɗauri. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan takarda a manne a bangon wani asibiti a yankinmu ya faɗa mini, ina son in je in gani.

Wasu jihohi sun sake fasalin wannan aiki tuntuni. Legas ta cire shi daga teburin darakta ta kafa hukumar HEFAMAA a 2006, wadda ke duba asibitocin gwamnati da na kuɗi. Kano ta kafa PHIMA a 2017, ita kuma asibitoci masu zaman kansu kawai aka ba ta, kuma muna yawan jin labarin ta garƙame wuraren likitocin bogi. Tsakanin waɗannan biyun, ni ina tare da salon Legas, kuma ga dalilina.

Ma'aikatar lafiya ita ce mai asibitocin gwamnati. Ita ke tura ma'aikata, ita ke sayen gadaje, ita ke kare kasafin kuɗinsu a majalisa. In kuma ita ce za ta duba su ta ce sun cika ƙa'ida ko ba su cika ba, an ba kura ajiyar nama ke nan. Wane darakta ne zai rubuta rahoton da zai tona asirin ofishinsa, ya kai wa kwamishinan da ke sa hannu a takardar ƙarin girmansa? Ba sai mutum ya zama mugu ba, ko mai gaskiya ne zai yi tunanin bakin 'ya'yansa. Mun ga yadda abin yake a Satumbar 2025, lokacin da bidiyon asibitin Kangiwa ya karaɗe waya, ga dattijo kwance a kan ƙarfen gado babu katifa. Abin da ya fara faruwa shi ne aka tsare wanda ya ɗauki bidiyon. A cikin kwanakin ne kuma gwamna ya dakatar da kwamishinan lafiya. Na yaba da dakatarwar, amma tambayata ita ce, kafin wayar wannan matashi, idon wa ya kamata ya fara ganin gadon nan? Da akwai masu duba asibiti da ba sa tsoron kowa, da labarin ya isa teburin gwamna a rubuce, ba tare da an kunyata jiha a idon duniya ba.

Saboda haka duk sunan da za a ba abin a Kebbi, ko hukuma ko sashe, ni ban damu da allon ƙofa ba. Abin da na damu da shi, ya kasance mai dubawa ba ya ƙarƙashin wanda ake dubawa, shugabansa yana da wa'adin da ba za a tsige shi don ya faɗi gaskiya ba, kuma rahotonsa na shekara yana zuwa gaban Majalisar Dokoki a karanta kowa ya ji.

Yanzu bari in taɓa inda ke da ciwo, na san wasu abokaina ba za su ji daɗi ba. A garuruwanmu, sau da yawa malamin da ke asibitin gwamnati da safe shi ne mai kemis ɗin da ke bakin kasuwa da yamma. Wani lokacin ma ba sai yamma ba. Ka je asibiti a ce babu magani, a rubuta maka takarda, a kwatanta maka shagon da za ka samu, kai ma ka san na waye. Ban ce duka haka suke ba, akwai bayin Allah da ke kwana a asibiti da fitilar waya suna karɓar haihuwa, albashinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Amma in aka ce jami'in ƙaramar hukuma shi zai duba kemis-kemis na Bagudo, alhali rabinsu na abokan aikinsa ne, ɗaya ma nasa ne, me kake tsammani?

Maƙwabtanmu na Benin sun taɓa kama wannan bijimin. A 2018 gwamnatin Patrice Talon ta ce duk ma'aikacin lafiya na gwamnati ya zaɓa, ko aikin gwamnati ko asibitin kansa, babu haɗa biyu. Kafin nan, a Fabrairun 2017, jami'an tsaro sun dira kasuwar magani ta Adjegunle da ke cikin Dantokpa a Kwatano, suka kwashe tan-tan na magani. Daga baya suka yi sabuwar dokar kare lafiyar jama'a a Fabrairun 2021, wadda ta kafa hukuma guda mai suna ARS don sa ido a kan dukkan harkar lafiya, ta gwamnati da ta 'yan kasuwa, aka kuma ajiye ta ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa maimakon ma'aikatar lafiya. Ba na cewa mu kwafi Talon baki ɗaya. Mutum ne mai nauyin hannu, kuma a nan in ka ce wa nas ya zaɓa yau, da yawa za su ajiye aikin gwamnati su kama shago, asibitin ya koma kango. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne raba mai dubawa da mai asibiti. Game da haɗa aiki biyu kuwa, ko ba a hana ba, a tilasta bayyanawa: duk ma'aikacin gwamnati da ke da kemis ko asibiti ya rubuta, a san shi, kada ya shiga tawagar dubawa, kada kuma a same shi a shago a lokacin aiki.

Tunda an zo maganar Benin, mu da ke wannan yanki mun san iyaka a taswira kawai take da kauri. Daga Tsamiya ka leƙa Segbana, daga Lolo ka miƙe Malanbil. Aure ɗaya, kasuwa ɗaya, harshe ɗaya. Marar lafiya yana tsallakawa Kandi neman magani, na can ma yana zuwa nan. Magani yana tafiya a bayan babur da cikin kwale-kwale, kwalinsa rubuce da Faransanci, mai sayarwa bai iya karantawa ba balle mai saye. Hankali ma ya isa ya gaya maka cewa in aka matsa wa mai aikin bogi a gefe ɗaya na iyaka, gefen da babu mai tambaya zai nufa. Tsarin sa ido da aka zana a ofis a Birnin Kebbi ba tare da tunanin wannan ba, bai san Bagudo ba.

Takardu ma haka suke tsallakawa. Kowa ya tuna binciken ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian a Disambar 2023, wanda ya samo kwalin digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida bai shiga aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce an gano sama da mutum 22,000 da ke yawo da irin waɗannan takardu. Shi Umar digirin aikin jarida ya sayo. Ka yi tunanin wanda zai sayo na fannin lafiya ya zo ya rataya a shago cikin gilashi. Mutumin ƙauye in ya ga hatimi da rubutun Turanci ko Faransanci, shi ke nan ya sallama.

A cikin gida ma akwai gyara. A Oktobar 2024 ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Jega sun yi bore har aka ƙona gidan shugaban makarantar, aka rufe ta, kan zargin kuɗin rajistar ɗalibai da hukumomin sana'a. Ƙone-ƙone ba hanya ba ce, kuma ba ni ne zan yanke hukuncin wa ke da gaskiya ba. Amma abin ya nuna irin fargabar da yara ke ciki: ka gama karatu, iyayenka sun sayar da dabba, sannan ka ji cewa takardarka ba lalle ta kai ka ga lasisi ba. Ga kuma makarantun lafiya na kuɗi da ke tsirowa ko'ina a Arewa kamar ciyawar damina. Yaron da ya yi shekara uku a makarantar da hukumar Abuja ba ta amince da ita ba, ba zai koma gona ba. Shago zai buɗe, ya fara allura. Likitan bogi na gobe yau yana aji yana biyan kuɗin makaranta da zuciya ɗaya. Jiha tana da ikon buga sunayen makarantu da kwasa-kwasan da aka amince da su duk shekara kafin a fara sayar da fom, a karanta a rediyo da Hausa da Fulfulde da Zabarmanci. Nawa wannan zai ci?

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: Malam, in aka rufe waɗannan shaguna wa zai duba mu? Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce a 2024 likitoci masu lasisi kusan 55,000 ne a ƙasar nan, kuma kimanin 16,000 sun fice cikin 'yan shekaru. Waɗanda suka rage sun taru a Legas da Abuja da manyan birane. Cikin dare, da damina, mace na naƙuda a tungar da ke hayin kogi, maganar Sir Yahaya ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi ma ba ta taso ba, isa Bagudo ko Ka'oje kansa aiki ne. Mai kemis ɗin nan da muke zagi, shi ne ke buɗe ƙofa ƙarfe biyun dare, shi ne ke ba da bashi har kaka. Duk hukumar da za ta zo da kwaɗo da sarƙa kawai, ta rufe shago goma ta ɗauki hoto ta koma birni, ta tura mutane ne wurin mai tallan magani a faranti, wanda ƙwayoyinsa ke gasuwa a rana, ba shi da adireshi balle a kama shi.

Shi ya sa nake ganin aikin farko shi ne rarrabewa. Mai kemis da lasisinsa na PCN, doka ta ba shi sayar da ƙananan magunguna a cikin kwalinsu, ba ta ba shi allura da ƙarin ruwa ba. PCN ta fito da tsarin matakai uku, inda mai shagon da yake nas ne ko CHEW ke da damar yin fiye da wanda bai yi karatun lafiya ba. Tun 2014 kuma akwai manufar tarayya ta sauke wasu ayyuka ga ƙananan ma'aikata idan an horar da su. To a yi amfani da waɗannan. Wanda ke da takarda ta gaske amma bai sabunta ba, a taimaka masa ya sabunta a nan kusa. Wanda ke da shago babu horo, a ba shi wa'adi da horo, a koya masa alamomin da in ya gani dole ya tura asibiti. Amma wanda ke fiɗa, ko ƙarin jini ba gwaji, ko zubar da ciki a bayan labule, wannan babu lallashi, kotu ce tasa. Kuma a bi shari'ar har ƙarshe, domin abin da muka saba gani shi ne a rufe yau, wani babba ya buga waya, bayan sati biyu a buɗe da sabon fenti.

Akwai wani rami kuma da nake jin tsoro, wato hukumar ta koma wurin tara haraji. Da zarar an ce ta ciyar da kanta da kuɗin rajista da tara, to sufeto zai fi son asibitin birni mai biya da yawa, ya manta da ƙauyen da man mota ya fi kuɗin rajistarsa. Gwamnatin tarayya ta taɓa gwada irin haka a 2023, ta ce za ta daina ba hukumomin sana'o'i kuɗi daga kasafi, sai da aka yi ta kuka kafin a tsame na fannin lafiya. Mai ƙaramin asibiti da ke bin doka ya riga ya gaji da rasit: na ƙaramar hukuma, na jiha, na tarayya, kowa da ranar zuwansa. In sake fasali zai ƙara masa rasit na bakwai ne, gara a bar shi yadda yake. A haɗa ziyarar ta zama ɗaya, mutumin PCN da na nas-nas da na jiha a mota guda, fom guda, kuɗin kuma a biya a banki, kada sufeto ya taɓa ko sisi da hannunsa.

Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225. Ofis ɗaya a babban birni da mota biyu ba zai ga wannan faɗin ba. Ina roƙon a ajiye ofishin shiyya a Bagudo saboda iyaka, da sufetocin da ba 'yan garin ba, ana sauya su lokaci-lokaci, da babura da kuɗin jirgin ruwa a kasafinsu, domin wasu garuruwan in ruwa ya cika ba a isa da mota. Kowane kemis da asibiti, har na gwamnati, a manna allo a ƙofa da Hausa: sunan mai wurin, hotonsa, matsayinsa, abin da aka yarda ya yi da abin da ba a yarda ba, da lambar waya ta kai ƙorafi wadda ake ɗauka. Kwafin wannan rajista ya kasance a wurin hakimi da kwamitin ci gaban mazaɓa. Uwar da ba ta yi boko ba, ɗanta ɗan firamare zai karanta mata cewa wannan shago ba a yarda ya yi allura ba. Sannan a samu layin magana tsakanin jami'an lafiya na Bagudo da takwarorinsu na Segbana da Malanbil, yadda ake yi lokacin rigakafin shan-inna, in an kori mutum a can mu sani a nan.

Bagudo tana da kujeru biyu a Majalisar Dokokin jiha, ta Gabas da ta Yamma, ga kuma ɗan majalisar tarayya na Bagudo da Suru. Masu girma wakilanmu, ba sai an jira sabuwar doka ba kafin a fara. Ku nemi ma'aikatar lafiya ta kawo muku a rubuce: asibitocin kuɗi da ɗakunan gwaji da kemis nawa ne ke da rajista a ƙaramar hukumar Bagudo, yaushe aka ziyarci kowanne a karo na ƙarshe, kuma ƙorafi nawa aka karɓa daga nan a shekarar da ta wuce. In amsar ta zo, ku liƙa ta a sakatariya mu je mu karanta.